Na je lambun Kew na ƙi karanta allunan suna

Tun kafin in taka Landan akwai waje ɗaya da na sa a raina cewa ko ba zan ga komai ba to sai na gan shi, wato lambun Kew, kuma ba don furanni ba, ni furanni basu cika ɗaɗa ni da ƙasa ba, bishiyoyi ne matsalata. Ƙanina da ke karatu a can shi ya ɗauki nauyin raka ni, a ransa dai ya ɗauka za mu ɗan zaga ne mu yi hotuna mu dawo, bawan Allah bai san wuninsa zan cinye ina ɗaga ganye ina leƙa bayansa ba. Wajen ƙarshen Oktoba ne, lokacin kakarsu kenan, ganye ya fara juyewa wani ja wani rawaya wani kuma ya riga ya zube, ga wani sanyi mai shiga ta wuyan riga.

Jirgin ƙasa muka hau, layin District, wanda yake fara tafiya ta ƙarƙashin ƙasa daga baya ya ɓullo sarari ya haye kogin Temz, muka sauka a tashar Kew Gardens, daga nan 'yar tafiya ce a ƙafa zuwa ƙofar Victoria. Lambun tun 1759 yake, Gimbiya Augusta mahaifiyar Sarki George na uku ce ta fara shi, a 2003 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Girmansa wajen eka 300, bishiyoyin ciki sun haura dubu 10, an kwaso su daga kusan kowace nahiya, kuma kusan ko wacce da ɗan allonta mai ɗauke da suna da dangi da ƙasar da ta fito. To a nan na kafa doka, nace ba mai karanta allo sai mun gama kallon ganyen mun faɗi abun da muka gani, in ya so daga baya allo ya raba gardama. Ƙanin nawa yayi dariya ya zaro waya yace "Yaya ai ba sai ka wahalar da kanka ba, ga manhaja nan, hoto ɗaya za a ɗauka ta faɗi suna." PlantNet ce da shi, wadda masu bincike a Faransa suka ƙirƙira. Nace riƙe ta, za ta yi mana amfani, amma ita ma sai mun gama namu.

Abun da na fara nuna masa shi ne inda ganye yake farawa, don a nan yawancin mutane ke ɓata tun ba a je ko'ina ba. Ɗauki darbejiya misali, wannan dogon tsinken mai jeren ƙananan ganye dama da hagu da muke cewa reshe, ba reshe ba ne, duk gaba ɗayansa ganye ɗaya ne. Haka na tsamiya, haka na maɗaci. Yadda za ka gane kuwa ba wuya, ka bi tsinken har inda ya manne da itace, a wannan lungun da ke tsakaninsa da reshen za ka ga ɗan ido, wato tohon da zai fito gaba. Duk inda ka ga idon nan to nan ne farkon ganye. A gindin ƙananan ganyen babu ido ko ɗaya. Idan ka riƙe wannan ka riga ka raba bishiyoyi gida biyu, masu ganye tilo irin mangwaro da kaɗanya da gamji, da masu ganye ɗaya da ya rarrabu zuwa ƙanana.

Ba mu yi nisa ba kuwa muka samu wadda za mu gwada a kai, wata doguwa mai jeren ƙananan ganye masu 'yan haƙora a gefe, ƙanina yana gani yace wallahi kamar darbejiya. Kamar ɗin akwai, amma nace dubi yadda ganyen suka zauna a jikin reshe. Bibbiyu suke fitowa, ɗaya daura da ɗaya a gaɓa guda, ga idanun toho baƙi ƙirin. Darbejiya bata haka, nata ɗaya nan ɗaya can suke fitowa suna zagaye reshen su taru a kai, kuma ƙananan ganyenta a lanƙwashe suke, ɓari ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Wannan ash ce, bishiyar da wata cutar fangas ta addaba a Ingila tun da aka tabbatar da ita a 2012. Akwai wata kuma rowan mai irin wannan ganyen, ita nata ba daura da juna suke ba, da wannan kaɗai ka raba su ko da ba ka ga jajayen 'ya'yanta ba.

Wannan maganar ta zaman ganye a jikin reshe ita ce na fi nanatawa duk wunin, don ni a ganina tafi siffar ganye gaskiya nesa ba kusa ba. Siffa tana canzawa, rana ta canza ta, inuwa ta canza ta, ƙuruciya da tsufa su canza ta, amma bishiyar da ganyenta ke fitowa daura da juna da wuya ka ga ta sauya hali. Kuma babu inda na ga amfanin wannan kamar kan wasu guda uku da suka kusa haɗa ni faɗa da ƙanina. Duk wanda ya san tutar Kanada ya san ganyen mapul, mai tsagi-tsagi da tsini. To a Landan irin wannan ganyen ko'ina yana ƙasa a bakin titi, manya-manya, kowa sai ya ce mapul ne, alhali yawancinsu na filen ne, bishiyar nan mai ɓawo yana ɓarewa faci-faci da ta cika titunan birnin, wasu daga cikinsu a dandalin Berkeley tun 1789 aka dasa su. Mapul ganyenta bibbiyu daura da juna, filen kuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan filen tana da wata dabara da ta burge ni, idan ka nemi idon toho a lungun ganyenta ba za ka gani ba, a ɓoye yake cikin gindin tsinken ganyen, sai ganyen ya faɗi yake bayyana. Na ɗauki wanda ya faɗi na juya gindinsa na nuna wa ƙanina ramin da idon ya zauna, ya daɗe yana kallo, wannan kam hoton waya ba zai nuna maka ba in dai ba ka san da shi ba. Ta ukun ita ce Liquidambar ta Amurka, ganyenta tauraro sak mai tsini 5 ko 7, a wannan lokacin ta yi ja kamar ta kama da wuta, ita ma ɗaya bayan ɗaya nata yake, kuma in ka murza wanda ya faɗi za ka ji wani ƙamshin ƙaro. Bishiya uku, dangi uku da basu haɗa komai ba, ganye kusan iri ɗaya.

Ban da tsinka fa, a lambu irin wannan ba a cire ganye daga jikin bishiya, da na ƙasa muka yi ta aiki, kuma kaka ta yi mana gata don ƙasa cike take.

Daga nan muka faɗa cikin itatuwan da Turawa ke kira ok (oak), a nan ne ganye ya nuna mana iyakarsa. Ok ɗin da kowa ya sani a Ingila ganyensa mai lanƙwasa ne, shiga da fita masu laushi ba tsini, kuma ko a cikin wannan iri biyu ne 'yan ƙasa da sai ka sa ido. Ɗaya tsinken ganyensa gajere ne ƙwarai kamar babu, da wasu 'yan kunnuwa biyu a gindin ganyen, amma 'ya'yansa a kan dogon tsinke suke lilo. Ɗayan kuma akasin haka, ganye mai dogon tsinke, 'ya'ya a manne da reshe. To amma dangin ok jinsinsu ya kai wajen 500 a duniya kuma da yawansu basu san wata lanƙwasa ba. Muka tsaya gaban wata ƙatuwa, wallahi sai da na ja baya kafin in ga ƙarshenta, ganyenta dogo mai haƙoran zarto a gefe irin na wata bishiya daban da ake kira cesnot, ƙanina ya ɗauki hoton ganye ɗaya a tafin hannunsa, manhaja ta jero masa sunaye har da cesnot a ciki. Nace duba ƙasa. A ƙasa 'ya'yan ok ne birjik, kowanne da 'yar hularsa. Allo ya ce Quercus castaneifolia, asalinta yankin Kaukasus da Iran, an dasa ta a 1846, kuma ita ake lissafawa a matsayin wadda ta fi kowace girma a lambun. Gaba kaɗan ga wani ok ɗin na yankin Bahar Rum wanda baya zubar da ganye ko a hunturu, ganyensa ƙarami mai kauri, sama kore mai duhu ƙasa toka-toka. In da ganye kaɗai za ka bi ba za ka taɓa haɗa waɗannan ukun gida ɗaya ba. Shi ya sa tun zamanin Linnaeus, masanin tsirran nan wanda ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai a 1753, masana basu jingina rabon dangi da ganye ba, fure da 'ya'ya suka bi. Ganye yana kai ka bakin ƙofa ne, wani lokaci har ciki, amma wanda ya ce masa shi kaɗai ya isa to bai zaga ba.

Akwai wani ok ɗin da ake kira na Turner, tun 1798 yake wajen, labarinsa ba na ganye ba ne amma sai na faɗa. A guguwar Oktoban 1987 wadda ta kayar da bishiyoyi wajen miliyan 15 a Ingila, iska ta ɗaga shi da saiwarsa gaba ɗaya ta mayar da shi mazauninsa, maimakon ya mutu sai ya ƙara lafiya, ashe ƙasar gindinsa ce ta dandaƙe saboda takun mutane, ɗagawar nan ta sa iska da ruwa suka samu hanya. Daga nan masu lambun suka koyi sassauta ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyi.

Bayan zama a reshe, abu na gaba da nake dubawa gefen ganye ne, da kuma abun da yatsa ya ji. Wasu bishiyoyi biyu, bic da honbim, a kallo kamar ɗaya suke, ganye mai siffar ƙwai, girma kusan ɗaya, ɓawo mai santsi ruwan toka. Amma gefen ganyen bic lafiyayye ne sai ɗan kaɗawa, yana sheƙi yana santsi, na honbim kuwa haƙora ne a kan haƙora, ga jijiyoyinsa sun nutsa har ganyen ya yi ninki-ninki. Elm ita kuma ko ido rufe za ka gane ta, ganyen kaushi gare shi yana kama yatsa, sannan gindinsa a karkace yake, ɓari ɗaya ya sauko ƙasa ya bar ɗaya. Samun babbar elm a Ingila yanzu ba ƙaramin abu ba ne, wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa ta kashe sama da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960. Ina cikin wannan shafe-shafen ne ƙanina ya yi wata tambaya mai kyau, yace "Yaya wai me ya sa kusan duk ganyen nan haƙora gare su?" Kuma gaskiyarsa. Ka tuna mangwaro, kaɗanya, kanya, gamji, ceɗiya, tsamiya, duk gefensu sumul. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Bailey da Sinnott, sun lura da wannan tun 1915, cewa ƙasashen sanyi sun fi yawan bishiyoyi masu haƙora a ganye, ƙasashen zafi kuma masu lafiyayyen gefe, har ta kai yau masu nazarin ganyen da ya zama dutse suna ƙirga masu haƙora da marasa haƙora su ƙiyasta zafin da aka yi a wajen shekaru miliyoyi da suka wuce. Ba wai doka ce da bata da togiya ba, ai ga darbejiya nan da haƙoranta a tsakiyar rana.

Ginko kam ba sai an sha wahala ba, babu ganyen da ya yi kama da nata a duniya. Mafici ne ƙarami, wani da tsaga a tsakiya, kuma in ka ɗaga shi ga haske ba za ka ga babbar jijiya a tsakiya da ƙanana suna fita daga jikinta ba kamar sauran ganye, duk jijiyoyin daga gindi suke tasowa, kowacce ta rabu biyu, ta sake rabuwa biyu har gefe. Danginta sun fi shekara miliyan 200 a duniya, duk sun ƙare sai ita kaɗai, asalinta Sin, kuma wasu daga cikinsu sun tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945 suna nan da ransu. Ta Kew ɗin tun 1762 take tsaye, ranar ta fara zama rawaya, mutane sai hoto suke. Tana cikin tsofaffin nan da suka rage tun farkon lambun. Biyu daga cikinsu na gane gidansu tun daga nesa, Robinia ta Amurka da wata ta Sin da ta kwanta a gicciye an tokare ta da bulo da ƙarfe, duka biyun jeren ƙananan ganye ne masu lafiyayyen gefe, gindin tsinken kuma a kumbure. Wannan kumburin shi ne gaɓar da ganye ke motsi da ita, duk wanda ya taɓa lura da yadda tsamiya ke naɗe ganyenta da dare ya san aikinta. Dangin wake ne dukansu, su da tsamiya da ɗorawa da gawo da bagaruwa da kirya. Bambancin dai shi ne ɗorawa da gawo da bagaruwa nasu ya rabu sau biyu, tsinke ya fitar da ƙananan tsinkaye sannan su fitar da mitsi-mitsin ganye, tsamiya kuwa sau ɗaya, kuma nata bibbiyu suke ƙarewa babu tilo a ƙarshe, Robinia tana da tilo a ƙarshe. Wannan tilon na ƙarshe ma abun dubawa ne, da shi da haƙora nake raba darbejiya da maɗaci duk da gidansu ɗaya, maɗaci babu haƙora kuma yawanci babu tilo.

Masu yatsu kuma, wato waɗanda ƙananan ganyen duk daga wuri ɗaya suke fitowa irin na kuka da rimi da ɗinya, wakiliyarsu a can ita ce hos cesnot, yatsu 5 zuwa 7, manya. Sai dai mun same ta a wahale, ganyen duk sun ƙone sun yi ruwan ƙasa tun kafin sauran, ba kaka ba ce kaɗai, tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ce ke shiga tsakanin fatar ganyen tana ci, a 2002 aka fara ganinta a unguwar Wimbledon ta Landan, yanzu ta game ƙasar.

Ƙafata ta fara ciwo lokacin da muka gangara kudancin lambun wajen bishiyoyi masu ganye siriri kamar allura, ga jiragen sama suna ta wucewa ƙasa-ƙasa za su filin jirgin Heathrow, ga wasu koren aku suna ta ihu a sama, su ma baƙi ne da suka zama 'yan gari. Ni da farko duk masu allurar nan ɗaya nake ganinsu, amma su ma tambayar ɗaya ce, yaya ganyen ya manne. Fayin allurarsa a ɗaure suke dami-dami, wani 2 wani 3 wani 5, sai ka ƙirga, na Sikotland 2 ne a ɗan murɗe. Sifurus ɗai-ɗai ne kowace a kan ɗan turkenta, mai kusurwa, tana mirginawa a tsakanin yatsu kuma tana suka. Fir nata a baje suke basa mirginawa, masu laushi, da farin layi biyu a baya. Inda na fi jin daɗi shi ne wasu biyu da ke son bakin ruwa, Metasequoia ta Sin da Taxodium ta fadamun kudancin Amurka, duka biyun masu allura ne amma suna zubar da ganye, duka biyun sun yi jan ƙasa a lokacin, ganyen laushi a jere reras, in ka gansu daga nesa sai ka rantse ɗaya ne. Ka matsa kusa kawai, Metasequoia daura da juna, Taxodium ɗaya bayan ɗaya, shikenan an gama. Ita Metasequoia a dutse aka fara saninta a 1941, ana zaton ta ƙare tun tuni, sai ga ta da rai a wani ƙauyen Sin cikin shekarun nan na 1940, a 1948 aka raba irinta zuwa lambunan duniya.

Sanyi ne ya kora mu ɗakin gilashin nan na dabino da danginsa, wanda aka gina tsakanin 1844 da 1848, ƙarfe da gilashi zalla. Muna shiga tabarau na ya yi hazo, rigar sanyi ta zama kaya, zufa ta karyo. A nan ganye wani iri ne daban, manya, masu kauri, masu sheƙi, gefe sumul, kuma da yawansu da dogon tsini a ƙarshe wanda ruwan sama ke bi ya ɗige da sauri, alamar kurmi kenan inda ruwa baya yankewa. Dangin dabino yawancinsu gida biyu ne a ganye, masu jere dama da hagu irin dabino da kwakwa da kwakwar manja, da masu buɗewa daga wuri ɗaya irin giginya da goruba. Koko ganyensa tilo ne ɗaya bayan ɗaya, tsinken a kumbure sama da ƙasa, sabon ganye kuma ja-ja yake fitowa yana rataye laƙwas kamar ya yi yaushi. Kofi daura da juna, gefe yana kaɗawa. Bishiyar roba yatsu uku. Su ɓaure kuwa ko a ina ka same su alamarsu ɗaya, wani tsini a kan reshe da ke naɗe da sabon ganye, in ya faɗi ya bar zobe kewaye da reshen, ga farin ruwa in an ji musu ciwo, haka gamji yake, haka ceɗiya, haka durumi. A nan ɗakin ne kuma wata tsohuwar shuka take a cikin tukunya tun 1775 da aka kawo ta daga Afirka ta Kudu, kowa ya gan ta sai yace dabino, ba dabino ba ce ko kusa, Encephalartos ce, ganyen tauri kamar roba mai ƙarfi, danginta sun girmi duk wata bishiya mai fure.

Da muka fito muka hau gadar nan da ke bi ta saman bishiyoyi, tsayinta mita 18, tsawonta mita 200, tana ɗan rawa in iska ta kaɗa, ƙanina ya riƙe ƙarfe gam yana cewa shi fa bai zo don wannan ba. Amfaninta gare ni shi ne na ga ganyen ƙololuwa ido da ido, kuma ba ɗaya suke da na ƙasa ba ko a bishiya guda. Na sama da ke shan rana ƙanana ne masu kauri, a ok tsaginsu ya fi zurfi, na ƙasa da ke inuwa faffaɗa ne sirara don su tari ɗan hasken da ya rage. Wata bishiya mai suna holi ma haka, ganyen ƙasa ƙaya ta ko'ina saboda dabbobin da ke ci, can sama inda baki baya kaiwa sai ka ga da yawa sumul. Bishiyar turare in tana ƙarama a jinsuna da dama ganyenta zagayayye ne daura da juna, in ta girma ya koma dogo siriri ɗaya bayan ɗaya, ita kam har zaman reshen take sauyawa, sai ƙamshi ya cece ka. Kuka ma ɗan tsironta ganye tilo yake fitarwa, sai daga baya yatsu su zo. Don haka ni ba na yanke hukunci da ganye ɗaya, sai na ga da dama, daga rassa daban-daban, kuma ba na tohon gindi ba don shi kullum girmansa ya wuce misali.

Manhajar kuwa ba zan zage ta ba, ta yi ƙoƙari, musamman in aka ɗauki hoton reshe guda da ganye a jikinsa aka ƙara da ɓawo ko 'ya'ya. Inda take ruɗewa shi ne in an bata ganye ɗaya tsinkakke a tafin hannu, kuma a nan ko masanan da ke aiki a ginin ajiyar busassun tsirrai na Kew, inda aka tara samfuri wajen miliyan 7, su ma reshe suke so a kawo musu da fure ko 'ya'ya, ba ganye tsura ba.

Wajen ƙarfe biyar haske ya fara ja baya, ma'aikata suna ta nuna wa mutane hanyar ƙofa, muka biyo ta gefen wasu bishiyoyi da suka riga suka zubar da rabin ganyensu. Ƙanina yace to nan da wata ɗaya duk wannan karatun naka ya tashi aiki tunda ba ganye. Nace ina, ai ganye in ya faɗi yana barin tabo, kuma idon toho yana nan a saman tabon, don haka daura da juna ko ɗaya bayan ɗaya a tsirarar reshe ma ya fi fitowa. Na jawo reshen hos cesnot a hankali na nuna masa, tabon kofaton doki ne sak har da ɗige-ɗigen da jijiyoyi suka bari, ga ƙaton ido mai danƙo a kai. Ash idonta baƙi, bic nata dogo siriri mai tsini, ok nata a cunkushe a kan reshe. Yace to sai dai in dawo a Janairu mu gwada, amma da sharaɗin ba zai sake hawa gadar nan ba.